Ya Yi Nisa, Yana Tsakar Gida

A shekarar 1871 wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Charles Clermont-Ganneau, ya ci karo da wani dutse a Urushalima, an yi gini da shi a jikin wani tsohon bango kusa da inda Haikali yake a dā. An sassaƙa masa rubutun Helenanci layi bakwai. Gargaɗi ne ga baƙi: duk wanda ba Bayahude ba, kada ya kuskura ya tsallake shingen da ya kewaye tsarkakan wurare, wanda aka kama kuwa, shi ya ja wa kansa mutuwa. Dutsen yana nan har yau a gidan adana kayan tarihi na Istambul, a ƙasar Turkiyya. Shingen da yake magana a kai bai kai tsayin mutum ba. Baƙo na iya tsayawa a bayansa ya hangi hayaƙin hadaya yana tashi, amma idan ya ƙara taku ɗaya, to ya gama yawo.

Wannan shinge ne sanadin jefa Manzo Bulus a kurkuku. Ayyukan Manzanni sura 21 ta ba da labarin yadda wasu suka gan shi a cikin gari tare da Tarofimas, mutumin Afisa, suka zaci ya shigar da shi Haikali. Nan da nan gari ya ruɗe, aka jawo Bulus waje ana duka, sai da sojojin Roma suka ƙwace shi. Ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya, daga nan aka wuce da shi Roma. Saboda haka da wasiƙar Afisawa, wadda ke ɗauke da sunansa, ta tuna wa mutanen garin su Tarofimas cewa a dā su bare ne a wurin Allah, ba su da gado cikin alkawaransa, ba su da abin sa zuciya, masu sauraro ba su buƙaci dogon bayani ba. Sun san nisan da ake nufi, wasunsu ma wataƙila sun taɓa tsayawa a bayan shingen.

Abin da matashi mai karanta sura ta 2 ta wannan wasiƙa zai iya tsallakewa ba tare da ya lura ba shi ne, marubucin ya sa kansa cikin lissafin ɓatattun. Wannan kuwa abin mamaki ne. Bulus haifaffen Bayahude ne daga kabilar Biliyaminu, Bafarisiye, almajirin Gamaliyel, mutumin da ya gaya wa Filibiyawa cewa ta fuskar kiyaye Shari'a ba a taɓa kama shi da aibi ba. Shinge bai taɓa tare shi ba. Amma ranar da aka jajjefe Istifanas, a gabansa masu jifan suka tara rigunansu, shi kuwa yana ganin bautar Allah yake yi. A nan koyarwar Kirista game da rabuwar mutum da Allah take da kaifi, a nan kuma matasa da yawa ke yi mata gurguwar fahimta. Suna ɗauka labarin mashaya ne da ɓarayi da waɗanda ba sa zuwa sujada. Mutumin da ya fi kowa yaɗa koyarwar kuwa da kansa ya fara.

Tushen maganar yana cikin Farawa sura 3. Bayan Adamu da Hawwa'u sun ci daga itacen da aka hana su, ba tsawa ce ta fara faɗo musu ba. Kunya ce ta fara kama su, suka ɗinka ganyen ɓaure, suka shige cikin itatuwa suka ɓuya. Da aka tuhumi Adamu, sai ya nuna matarsa, ya kuma haɗa da wanda ya ba shi ita. Da aka juya kan Hawwa'u, ta nuna maciji. Sura ɗaya bayan haka Kayinu ya kashe ƙanensa Habila a gona. Malaman Kirista sun daɗe suna jan hankali kan wannan jeri: zumunci da Allah ya fara yankewa, sannan na miji da mata, sannan na wa da ƙane. Suna kuma jan hankali kan wanda ya gudu da wanda ya biyo sawu. Mutum ne ya ɓuya, Allah ne ya shigo gonar yana kira, kuma kafin ya fitar da su sai da ya suturta su da fata. Bahaushe na cewa wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Littafin Farawa bai musa ba, sai dai ya ƙara da cewa mai kiran bai daina ba.

Babu wanda ya tona wannan al'amari a cikin ransa kamar Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, inda garin Souk Ahras yake a Aljeriya ta yau. Yana ɗan shekara 16 karatunsa ya tsaya, domin mahaifinsa bai tara kuɗin tura shi Kartaj ba tukuna. Ya yi kusan shekara yana zaman kashe wando a gida, irin zaman da ɗalibai suka sani sarai duk lokacin da malaman jami'a suka tafi yajin aiki. Wata rana cikin dare shi da abokansa suka afka wa wata bishiyar kayan marmari da ke kusa da gonar inabinsu, suka kakkaɓe ta, suka kwashi kaya niƙi-niƙi. Ba su ci na kirki ba. Aladu suka watsa wa.

Duk wanda ya tashi a unguwar da reshen mangwaron maƙwabci ke leƙo katanga zai ce, to sai me? Ƙuruciya ce. Amma Agustin, bayan ya haura arba'in, yana bishop na Hippo, ya zauna ya cika shafuka da wannan sata ɗaya a littafinsa Confessiones, wanda ya rubuta wajen 397 zuwa 400. Tambayar da ta hana shi sakat ita ce, me ya sa? Ba yunwa yake ji ba. A gidansu akwai 'ya'yan itace da suka fi waɗannan kyau da daɗi. Ɓarawon da ya saci kuɗi aƙalla kuɗin yake so, mai kisa don gado gadon yake so, amma shi ba abin da ya so a jikin bishiyar nan. Da ya bi diddigi sai ya tarar laifin kansa ne ya yi masa daɗi, wato jin cewa an ce kar a yi, shi kuma ya yi, ba wanda ya isa da shi. Ya kira wannan kwaikwayon ikon Allah da bawa ke yi a ɓoye. Ya kuma faɗi wani abu da ya kamata kowane saurayi ya tauna: da shi kaɗai ne, da bai yi ba. Cikin abokai, rashin ta'asa shi ne abin kunya. Har ya furta cewa a wancan lokaci yakan ƙirƙiro laifuffukan da bai aikata ba ya ba da labari, don kada a ce masa yaro. Ba Facebook ko TikTok a zamaninsa, amma ya san cutar tun kafin a ƙera mata waya.

Lura kuma da cewa jahilci ba ya cikin uzurinsa. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce mai naci, ta gargaɗe shi tun yana yaro. Ya san daidai, bai so daidai ba. Wannan shi ne abin da ya gane game da nisa da Allah: ƙauna ce ta karkace, ta bar Mahalicci ta koma kan halitta, daga ƙarshe ta naɗe a kan mai ita. Sai a 387, a birnin Milan na Italiya, Bishop Ambros ya yi masa baftisma.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Pelagiyus, wani malami mai tsantseni daga tsibirin Birtaniya, ya zo Roma ya tarar da Kiristoci suna sheƙe ayarsu suna fakewa da raunin ɗan Adam, abin ya ƙona masa rai. Ya ce Adamu mugun misali kawai ya bar mana, kowane jariri ana haihuwarsa da cikakken ikon zaɓar nagarta, kuma tunda Allah ya umarta, to mutum zai iya. Taron bishop-bishop a Kartaj ya yi watsi da wannan koyarwa a 418. Adalci dai a faɗa, damuwar Pelagiyus tana da tushe. Har gobe akwai saurayin da zai yi wa yarinya ciki ya gudu, idan aka tare shi ya ce ai dukanmu masu zunubi ne, kamar dai wannan magana takardar izini ce. Amma maganin Pelagiyus ya fi cutar ɗaci, domin wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya fāɗi, ba abin da ya rage a gaya masa sai ya ƙara ƙoƙari. Agustin shi ma ya wuce gona da iri a wani wuri, inda ya koyar da cewa jariran da suka mutu ba baftisma suna ƙarƙashin hukunci, ko da mafi sauƙi ne. A 2007 kwamitin malaman tauhidi na fadar Fafaroma ya fitar da takarda yana cewa akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai.

Ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya kan zurfin ɓarnar ba. Katolika, bisa koyarwar taron Trent, suna cewa halin mutum ya ji rauni amma bai rushe ɗungum ba. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas sun fi cewa mutuwa da karkata zuwa zunubi muka gāda daga Adamu, ban da alhakin laifinsa. Mabiya Kalbin, a taron Dort na 1618 zuwa 1619, sun ce ba sashen mutum da ɓarnar ba ta taɓa ba, hankali ne ko zuciya ko niyya, ko da yake ba su ce kowa ya kai ƙarshen mugunta ba. Mabiya Wesley kuma sun jaddada alherin da ke riga mutum isowa, ya farkar da shi har ya iya amsawa. Inda duka suka haɗu shi ne, mutum ba ya iya ɗinke wannan ɓaraka da hannunsa.

Matashin Kirista da ke zaune a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya kamata ya san cewa maƙwabcinsa Musulmi ba haka ya yi imani ba. A Musulunci ana haihuwar yaro a kan fiɗira, Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa, laifin uba kuma ba ya hawa kan ɗa. Bambanci ne na gaske, kuma daga gare shi ne sauran bambance-bambance game da ceto da gicciye suka tsiro. Rabin gardamar da samari ke yi a majalisa har jijiyar wuya ta tashi, da kowa ya san daga inda ɗan'uwansa ya taso, da an yi ta cikin mutunci an tashi a sha shayi tare.

Sai kuma ɗan gida, wanda shi ne ya fi kowa buƙatar wannan nasiha. A Luka sura 15 Yesu ya ba da misalin uba mai 'ya'ya biyu. Ƙaramin ya karɓi gadonsa uban na da rai, wanda bisa dokar Maimaitawar Shari'a kashi ɗaya ne cikin uku tunda ɗan fari rabo biyu yake ɗauka, ya tafi wata ƙasa ya cinye, ya ƙare a kiwon aladu. Shi kowa ke tunawa, shi ake yi wa wasan kwaikwayo a taron matasa. Amma Luka ya faɗi waɗanda aka ba misalin dominsu: Farisiyawa da malaman Attaura, masu gunaguni don Yesu na cin abinci da masu karɓar haraji. Nasu hoton shi ne babban ɗan. Bai taɓa kwana a waje ba, bai taɓa saɓa umarni ba, amma da ya dawo daga gona ya ji kiɗa, sai ya ƙi shiga. Da ya buɗe baki, ashe duk shekarun nan kallon ubangida yake yi wa mahaifinsa, yana ƙirga ladan da ba a biya shi ba, har ɗan akuyar da ba a yanka masa ba yana riƙe da shi a zuciya. Uban ya fita sau biyu a ranar, sau ɗaya a guje don ƙaramin, sau ɗaya da lallashi don babban. Labarin ya ƙare ba a ce babban ya shiga ba.

Irin wannan ɗa yana da yawa a majami'u, daga ECWA zuwa COCIN zuwa EYN zuwa Katolika. Ɗan fasto ne, ko 'yar shugabar zumuntar mata, tana cikin mawaƙa tun tana firamare, ta haddace ayoyi, ta ci gasar Littafi Mai Tsarki. Idan lokacin ba da shaida ya yi, sai ta ga tsohon ɗan ƙwaya ne ke samun tafi, ita ba ta da labari mai sa a yi kuka. Daga nan jaraba biyu ke tasowa. Wani ya ƙara wa shaidarsa gishiri, ya mai da kansa tsohon ɗan daba alhali ko kaza bai taɓa yankawa ba, wato abin da Agustin ya yi a majalisar abokai shi kuma ya yi a gaban bagade. Wani kuma ya yanke a ransa cewa shi dama bai taɓa yin nisa ba, ceto na waɗancan ne. Gara yaro ya tambayi kansa tambayoyin da ba a yi a bainar jama'a: yana murna idan wanda ya raina ya tuba ya samu karɓuwa? Idan addu'arsa ba ta samu amsa ba, yana jin an ci masa bashi ne? Amsoshin nan sun fi rajistar halartar sujada nuna inda zuciya take.

Wanda bai ga kansa a cikin koyarwar nan ba, da wuya ya rasa mai da ita sanda. Garin Kaduna ya san farashin haka. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 mutane suka yi ta ƙaura, har kogin da ya ratsa garin ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewacinsa, Kiristoci a kudanci. Kafin nan, a rikicin 1992, wani jagoran matasan Kirista, James Wuye, ya rasa hannunsa na dama, Muhammad Ashafa kuma, wanda ke ɓangaren Musulmi, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai da ta yi suna har ƙasashen waje. Wuye ya sha faɗa a fili cewa ko bayan sun fara aiki tare ya daɗe yana fama da ƙiyayya a ransa. Mutum ne na coci, mai kishin addini, yana ganin Allah yake karewa. Wasiƙar Afisawa ba ta raba sulhu da Allah da rushewar gaba tsakanin mutane ba, a sura ɗaya ta ɗaure su. Saurayin da ya iya bayanin faɗuwar ɗan Adam tiryan-tiryan, sannan ya hau intanet yana zagin iyayen wasu, bai gane darasin da yake koyarwa ba.

Akwai kuma wanda koyarwar ke danne shi har ya kasa numfashi. Martin Luta ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta Jamus a 1505, ya riƙa azumi da tsayuwar dare, yana furta zunubansa wani lokaci har awa shida a zama ɗaya, ya fita ya tuna wani ya dawo. Shugabansa, Yohanna Staupitz, ya gaji da shi, ya riƙa ce masa ya daina tonon kansa ya dubi Almasihu. Luta daga baya ya amsa cewa a wancan lokaci ba ƙaunar Allah yake yi ba, haushinsa yake ji. Ibada ta yi yawa, nisan bai ragu ba. Abin da ya kwance shi yana cikin wasiƙar Romawa, wadda ya koyar a Wittenberg a 1515 da 1516, inda Bulus ya nuna cewa Allah ne ya fara neman sulhu tun mutane na gaba da shi. Yarinyar da ke kwana kuka tana ganin ta ƙazantu fiye da gyara tana buƙatar a tuna mata cewa littafin Farawa da ya ba da labarin faɗuwa shi ne ya fara cewa an halicci mutum cikin kamannin Allah, kuma a sura 9, bayan faɗuwar, bai janye maganar ba. Idan kuwa abin ya kai ga rashin barci, ƙin abinci ko tunanin kashe kai, to a haɗa da asibiti. Ciwon damuwa ciwo ne, kuma fasto mai hankali da kansa zai raka ta wurin likita.

Wanda ya ɗauka nisan na gushewa cikin dare ɗaya, ya karanta tarihin John Newton. An haife shi a Landan a 1725, mahaifiyarsa ta rasu bai cika bakwai ba, ya fara bin jirgin ruwa yana ɗan shekara 11. An tilasta masa shiga sojan ruwa, ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala a gaban jama'a, daga baya ya ƙare a wasu tsibirai kusa da Saliyo yana yi wa wani dillalin bayi aiki cikin wulaƙanci da yunwa. A watan Maris na 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da ke mai da shi Ingila, ya yi kuka ga Allah, kuma har ƙarshen ransa yana tuna wannan rana a matsayin mafarin juyowarsa. Masu wa'azi galibi nan suke tsayawa, su wuce kai tsaye zuwa waƙarsa Amazing Grace.

Tarihi bai tsaya nan ba. Bayan guguwar ne Newton ya zama kyaftin na jirgin bayi, ya yi tafiya uku tsakanin 1750 da 1754. Ya daina zagi da saɓo, yana karatun Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa, yana jagorantar ma'aikatan jirgi sujada ran Lahadi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsa akwai 'yan Afirka ɗaure da sarƙa. Laifuffukan da jama'arsa ke kira laifi ya gani ya bari. Wanda jama'arsa ke kira kasuwanci bai gani ba. Ba tuba ce ma ta raba shi da sana'ar ba, rashin lafiya ce ta kwantar da shi a 1754. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ba zai iya kiran kansa cikakken mai bi ba sai da aka daɗe bayan guguwar.

Matashi mai shaidar ranar da ya karɓi ceto yana da dalilin riƙe ranar da daraja, amma yana da dalilin tambayar abin da tsaransa suka mai da ruwan dare har ya daina ganinsa: satar amsa a jarrabawa, damfara ta waya, raina 'yar aikin gida, ƙin ɗan wata ƙabila. Newton ya zama limamin coci a Olney a 1764, amma sai a 1788, shekara 34 bayan ya sauka daga jirgi, ya buga ƙasidar da ya tona yadda ake cusa mutane a cikin jiragen, ya kuma bayyana kunyarsa. An aika wa 'yan majalisar dokokin Birtaniya kofe, ya ba da shaida a gaban masu bincike, ya ƙarfafa wa William Wilberforce gwiwa ya ci gaba da fafutukar hana cinikin bayi a majalisa. Dokar haramta cinikin bayi ta samu amincewa a watan Maris na 1807. Newton ya rasu a watan Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82.